Kada mu jira sai shaya ta saura shida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukan ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan abin da na san wasu za su ce ba shi ne a gabanmu ba yanzu. Maganar tsuntsu ce. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi shekara 35 ina riƙe da alli a ƙauyukan ƙasar Daura, yanzu na yi ritaya na koma gonar gado da ke kan hanyar Zango.

Shekarar da Allah ya nufe ni da sauke farali, akwai wani dattijo ɗan Indunusiya da muka riƙa haɗuwa a sahu ɗaya a Masallacin Madina, kullum da asuba, har kwana shida. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin yarensu, Larabcinmu kuma na salla ne. Ranar da za mu rabu na cire hulata na ba shi. Ya laluba aljihu ya ba ni carbi, sannan ya haɗa min da wani kwabo fari, marar nauyi kamar murfin kwalba. An rubuta 200 a jiki, ga hoton tsuntsu mai tukku a kan reshe, a gefe an rubuta Jalak Bali. Na dawo na jefa shi cikin gwangwanin da nake ajiye takardun fansho, ban sake tuna shi ba. Sai bara jikana da ke karatu a jami'a a Katsina ya zo hutu, na sa shi ya nemo min wata takarda, ya ci karo da kwabon. Ya ce, "Alhaji, ka san tsuntsun nan kuwa? Ɗan'uwan shayarmu ne, kuma saura ƙiris ya ƙare a duniya." Daren nan ba mu kwanta da wuri ba. Ya riƙa karanto labarin a wayarsa yana mayar min da Hausa, daga baya na sa ya bugo min a takarda na karanta da kaina.

Ga abin da na fahimta. Tsuntsun fari ne tas, sai bakin fukafukansa da ƙarshen bindinsa da suke baƙi, sai kuma fata shuɗiya marar gashi da ta kewaye idonsa kamar an sa masa kwalli. Yana da tukku da ke kwantowa ta ƙeya. Tsawonsa santimita 25, wato bai fi taƙi guda da 'yan yatsu ba. Duk faɗin duniyar nan Allah bai ajiye shi ko'ina ba sai a tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, can ma a gefen arewa maso yamma. Wani Bajamushe masanin tsuntsaye mai suna Erwin Stresemann ne ya fara bayyana shi a littattafan ilmi a 1912. A 1991 lardin Bali ya ɗauke shi a matsayin tambarinsa, daga baya kuma ƙasar ta buga shi a jikin kwabon rupiya 200, irin wanda ke hannuna.

Kyansa ne ya jawo masa. Mutanen Indunusiya, musamman na tsibirin Jawa, suna da son ajiye tsuntsu a keji fiye da yadda muke son tantabara. A al'adarsu ta da, namiji bai cika ba sai yana da gida da mata da doki da wuƙa da tsuntsu. To ga fari mai tukku wanda babu irinsa, sai kowane mai hali ya so a ce yana da shi. Ana kamawa yana raguwa, yana raguwa kuɗinsa na hawa, kuɗinsa na hawa masu tarko na ƙaruwa, har guda ɗaya ya haura dala 1,000 a kasuwar bayan fage. A gefe guda kuma dajin da yake zaune ana sare shi ana mayarwa gonaki. Hukuma ba ta zauna ba. An haramta kama shi, an sa shi a sahun farko na yarjejeniyar CITES wadda ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, an killace Gandun Dajin Bali ta Yamma, an zuba masu gadi, an gina wurin kiwo a ciki don a riƙa saki. A 1999 'yan fashi da makamai suka shiga wurin kiwon suka kwashe kusan duka tsuntsaye 39 da ke ciki. Da aka yi ƙidaya a 2001, waɗanda aka samu suna yawo a daji guda shida ne. Shida, Malam Edita. A lokacin kuma akwai kusan 1,000 a kejuna da gidajen ajiye namun daji a ƙasashe dabam-dabam. Tsuntsun da aka ɗora a kan tambari, kowa na yabon kyansa, shi ne 'yan'uwansa na daji ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Da jikana ya zo kan shidan nan na yi shiru, har ya tambaye ni ko lafiya. Abin da ya faɗo min a rai kanyata ce.

A iyakar gonarmu ta gabas akwai wata kanya da mahaifina ya ce shi ma haka ya tarar da ita. Nan yake ɗaure jakinsa, nan ake sauke mana fura in rana ta take. Tana da kogo biyu a sama, ɗaya maƙwaƙƙwafi ne ya fara sassaƙa shi, ɗaya kuma inda wani reshe ya ruɓe ya faɗi. Duk shekara in ruwa ya kusa sauka sai shaya ta kama ɗaya daga ciki. Wanda ya san shaya ya san abin da nake nufi: daga nesa ka ce baƙa ce, in rana ta doke ta sai ka ga shuɗi da shunayya suna walƙiya kamar sabuwar shaddar da ta sha bugu, ga ido rawaya ƙuru-ƙuru. Ba ta da kunya, ga surutu. In ana huɗa tana biye da garma tana tsintar tsutsa, in shinge ya tashi bayan ruwan farko nan ne bikinta. Shekara shida da suka wuce aure ya taso min na 'yar autata, kayan ɗaki suka gagara, masu itace suka zo suka yi tayi. Na sayar. Ban ko ɗaga kai na duba kogon ba, alhali na san lokacin ne. Suka zo da injinsu da hantsi, kafin azahar itacen da ya girmi kakana yana ƙasa. Da ta faɗi kogon ya tsage, sai ga 'ya'ya uku, jajaye, ko gashi ba su gama yi ba, suna buɗe baki. Iyayen biyu suka riƙa kewaya mu suna wani irin kuka da ban taɓa jin shaya ta yi ba. Ɗaya ta sauka a kan kututturen da fara a bakinta, tana waige-waige, ba ta san inda za ta kai ba. Wani yaro cikin masu aikin ya kwashe 'ya'yan a hularsa ya ce zai kai wa ƙanensa. Kwana uku ina zuwa gonar ina tarar da uwar a kan kututturen nan.

Ni da na yi shekaru ina koya wa yara hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a hanyar tafiya, ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Na san shi da ka. Ranar nan babu inda zan mayar da su, don gidan na riga na karɓi kuɗinsa. Da na jira wata biyu kawai, da sun tashi. Har yau abin yana ci na.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Shaya ba ta cikin jerin tsuntsayen da masana suka ce suna dab da ƙarewa. Har gobe in ka fita bayan gari za ka gan ta a kan ɓaure ko darbejiya. Amma ni abin da idona ya gani nake faɗa, kuma duk wanda ya haura shekara 50 a Daura ko Katsina ya tambayi kansa. Muna yara, in ka bi ta kwata da safe, ungulu ce jere a kan katanga har mahauta na kora. Yaushe rabonka da ganin ko guda? Na tambayi ɗalibaina na ƙarshe kafin in bar aiki, a ajin yara fiye da 60 babu wanda ya taɓa ganin ungulu da idonsa, amma duk sun iya cewa ungulu ba ta jewar banza. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa irin ungulunmu a matakin haɗari na ƙarshe kafin ƙarewa, matakin da farin tsuntsun Bali ya daɗe a kai. Kuma mun san inda ta tafi: guba, da masu saye don tsibbu da magani. Gauraka fa? Da ana jin kukanta a fadamu, ana ganinta tana taƙama a gidajen sarauta, yanzu da ƙyar a same ta a dajin Nijeriya. Carki ma, wanda dangin shaya ne na kusa, da ba ka ganin garken shanu ba shi a kan doronsu yana cire kaska. Wani Bafulatani maƙwabcina a gona ya ce tun da aka koma wanke shanu da maganin kaska ya ja baya, kuma shi ma a kogon itace yake sheƙa, yana shimfiɗa gashin da ya tsigo a jikin dabba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi shelar tafiyarsa. Kowa na cewa ai suna da yawa, har ranar da aka waiga ba su.

Shi ya sa maganar kogo ta dame ni. Shaya ba ta saƙa gida kamar marai ba, sai ta sami kogo. Haka cilakowa, haka tsirya, haka mujiya, haka shi kansa farin na Bali. Kogo kuwa ba a samunsa a dashen bara. Sai itace ya manyanta, ya ga shekaru, reshe ya karye, ruwa ya shiga, maƙwaƙƙwafi ya yi aikinsa. Ina yaba wa masu dashen itatuwa, da aikin babbar katangar itatuwa da jiharmu ke ciki, ni ma na sha fitar da yara ranar dashe. Amma ko an dasa darbejiya dubu yau, ba za su ba tsuntsu ɗakin da kanya ɗaya tsohuwa ke ba shi ba sai bayan mun daɗe a ƙasa. Mu kuwa tsofaffin muke kayarwa, kirya da marke da kanya da tsamiya, don su ne ke da gawayi mai kyau da itace mai auki. Tsaya a bakin titi da yamma ka ƙirga buhunan gawayin da ke wucewa.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba ni a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Wani aminina ya ce, "Malam, mutane ba su iya zuwa gona saboda 'yan bindiga, dajin Rugu ya zama abin da ya zama, gas ya fi ƙarfin talaka, kai kuma kana kukan tsuntsu?" Gaskiya ya faɗa, kuma ba ni da bakin zargin matar da ta sayi gawayi don ta dafa wa 'ya'yanta tuwo, ni da na sayar da kanya don gado da katifa. Amma abin da nake nema ba ya cin kasafin kuɗi, ba ya hana a yi maganin tsaro. Kuma tsuntsun nan ma'aikaci ne a gonar talaka, fara da tsutsar da yake ci ba a biyansa ko sisi.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto wannan wasiƙa shi ne yadda labarin Bali ya juya. Akwai wani ƙaramin tsibiri kudu maso gabas da Bali, sunansa Nusa Penida. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar, Bayu Wirayudha, da ƙungiyarsa suka bi ƙauyukan tsibirin ɗaya bayan ɗaya suna zama da dattawa. Ba su zo da bindiga ko waya mai ƙaya ba. Mutanen can suna da dokar gargajiya da suke kira awig-awig, wadda 'yan gari ke yi da kansu, kowa ya san ta, wanda ya karya kuma a gaban jama'arsa zai amsa. A 2006 ƙauyukan tsibirin duka suka yarda su sa kare tsuntsaye cikin wannan doka. Sannan aka saki farare sittin da 'yan kai da aka kiwata, cikin 'yan shekaru suka haura 100. Ƙungiyar kuma ta riƙa taimakon garuruwan da kuɗin makarantar yara da dashen itatuwa. Ba a ce komai ya tafi sumul ba, adadin ya hau ya sauka, har sai da aka riƙa rataya musu akwatuna a kan itatuwa saboda ƙarancin kogo. Amma ka duba: a inda aka sa masu gadi an shigo an yi fashi, a inda aka bar amana a hannun masu gari tsuntsun ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe.

A can gandun dajin ma sai da hukuma ta sauya dabara. Ta ba masu kiwo lasisi, har da mutanen ƙauyukan da ke gefen dajin, waɗansunsu ma tsofaffin masu tarko ne. Su kiwata, a sa wa tsuntsu zobe a ƙafa da takardar shaida, su sayar da mafi yawa, su ba da kashi 10 cikin 100 a saki a daji. Kuɗinsa ya faɗi a kasuwa, sata ta rage riba, yanzu waɗanda ke yawo a gandun sun koma ɗaruruwa. Akwai masanan da ke gargaɗin cewa ana iya fakewa da takarda a sayar da na daji, kuma ina ganin suna da hujja. Wannan ɓangaren ba shi nake so mu kwaikwaya ba, kada wani ya karanta ya fara cusa shaya a keji. Su sun kai inda ba su da zaɓi ne. Mu namu na sama suna yawo, abin da suke buƙata a bar musu gida.

Dokar 'yan gari kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Mu da muke maƙwabtaka da Damagaram mun taso muna jin tsofaffi na ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan can suka sa a kan wanda ya sare gawo. Je ka yankin Magarya ko Matamai yau ka ga yadda gawo ya cika gonaki, ka ga sassabin zamani da manoman Maraɗi da Damagaram suka runguma tun shekarun 1980, suna barin tohon kututture ya girma maimakon su ƙone shi. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ta fi tamu fari. Dokar gwamnatin tarayya ta kare namun dajin da ke cikin haɗari tana nan tun 1985, an yi mata gyara a 2016, amma a ƙauyenmu ban san mutum ɗaya da ya taɓa jin ta ba. Maganar mai unguwa kuwa kafin la'asar ta kai kowane zaure.

Saboda haka ina miƙa kukana ga iyayenmu, Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar da Mai Martaba Sarkin Katsina Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, Allah ya ja zamaninsu. Ranku ya daɗe, a sa hakimai da dagatai su zauna da sarakunan noma da sarakunan baka da masu itace, a yi yekuwa cewa daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina ba a kayar da itace mai kogo, ko da na gonar mutum ne, sai an duba. Kowane gari ya ware tsofaffin itatuwansa, ko goma ne, a shafa musu fenti a san waɗannan ba na sayarwa ba ne, kamar yadda ba wanda ke taɓa itacen maƙabarta. Mai injin da ya zo daga wani gari ya fara biyawa ta ƙofar dagaci. Malamanmu na Juma'a kuma, ayar nan ta 38 a Suratul An'am da ke cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu ta isa huɗuba guda kafin faɗuwar ruwa, lokacin da yara ke fita da danƙo suna zura hannu a sheƙa. 'Yan'uwana malaman makaranta, ku fitar da yara bayan aji ku tambaye su sunayen tsuntsaye goma da Hausa. Za ku sha mamakin inda za su tsaya.

Ni dai ga abin da na iya. Kututturen kanyar nan ya yi toho, na hana a taɓa, na zaɓi biyu masu ƙarfi na daddatse sauran, yanzu sun fi ni tsawo. Ba zan ga kogonsu ba. Da muka karanta maganar akwatunan Nusa Penida, jikana ya kai wa wani kafinta a kasuwar Daura awo, ya haɗa mana guda huɗu da ragowar katako, kowanne da ƙofa daidai wuyan kwalbar shayi, muka ɗaure su a kan gawo biyu da tsamiyar maƙwabcina da izninsa. Ɗaya zuma ta shige, na bar mata. Biyu ba abin da ya shiga. Na huɗun, na kan tsamiya, sati biyu bayan ruwan farko na bana na ga shaya ta leƙa da busasshen ganye a baki, ta fito, ta sake komawa. Duk mai son ganin yadda aka yi akwatin, ya tambayi gonar tsohon hedimasta a kan hanyar Zango, ina can kullum daga hantsi zuwa azahar in ban da Juma'a.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare,
Daura, Jihar Katsina.